Nailan, foliyesta ko siliki: zaren da za ka naɗa wa zobban sandar fatsa

Zobe na uku daga gindi ne ya fita. Muna bakin ruwa a Tiga ni da wani ƙanena, hantsi ya ɗaga, ya samu tarwada wadda ba za ta wuce kilo biyu ba. Yana cikin ja sai muka ji ƙas, zoben ya zame daga mazauninsa ya bi igiya yana lilo. Kifin dai da hannu muka ƙarasa fito da shi. Da na karɓi sandar na duba, ban sha wahalar gano dalili ba. Wanda ya taɓa gyara masa ita ya naɗe ƙafar zoben, wato ƙarfensa da ke kwanciya a jikin sanda, da zaren ɗinki na auduga, ya tsiyaya masa gam ɗin nan mai kamawa nan take. Gam ya bushe ya yi tauri kamar kwalba, ita kuwa sanda aikinta lanƙwasa ne, sai ya tsattsage, ruwa ya samu hanya, zaren ya ruɓe daga ciki ba wanda ya sani. Na murza ragowar tsakanin yatsuna, ta zama gari.

Ya ce, "To Yaya, wane irin zare ya kamata a sa?"

A bakin ruwa na ba shi amsa a gajarce. Amma tambayar tana bukatar zama, musamman ga wanda zai sayi tsurar sanda ya haɗa ta da hannunsa tun daga mariƙi har tsini. Wannan sana'a gidanta Amurka ne da Ingila da Japan. Zobba masu kyau na kamfanin Fuji daga Shizuoka suke fitowa, zare da efoksi, wato gam mai haɗi biyu da ake shafawa a kan naɗi, su kuma yawanci daga shagunan Amurka irin su Mud Hole da ke Fulorida. Mu a nan sai an yi oda, ko a roƙi matafiyi ya taho da shi. In ka zaɓi zaren da bai dace ba, ba za ka leƙa kasuwa gobe ka canza ba, sai ka sake jiran makonni. Shi ya sa nake so mutum ya san abin da yake saya tun kafin ya biya.

Zare shi ne ke riƙe zobe. Efoksin da ake shafawa a kai riga ce da ke kare zaren daga ruwa da rana da gogar dutse, kuma tana hana zagayen motsi. Ƙafar zobe ƙarfe ce, sanda kuwa tana lanƙwasa tana miƙewa sau dubbai a ƙarƙashinta, don haka zaren da zai haɗa su sai ya kasance yana ɗan miƙuwa ya dawo, ba shi da gashi, ba shi da mai ko kakin zuma a jikinsa, kuma yana shan efoksi har cikinsa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Zare a kan ƙwarƙwaro daban, zare bayan ya sha efoksi daban, kuma na biyun ne za ka zauna da shi shekara da shekaru.

Bari in fara da nailan tsura, wanda ba a yi masa komai ba sai rini, don shi ne uban tafiya. Wallace Carothers ya haɗa nailan a ɗakin binciken kamfanin DuPont a 1935, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sandunan faiba suka fara ture na gora, shi ma ya ture siliki daga teburin masu naɗi. Shekaru da dama sunan Gudebrod, kamfanin garin Pottstown a jihar Fensilbeniya, shi ne a bakin kowa, har yau tsofaffin hannu da lambobin launinsa suke kwatance. Yanzu ProWrap da Pac Bay da FishHawk ne za ka fi cin karo da su.

Abin da ya sa nake son nailan tsura shi ne yana da haƙuri da mai koyo. Yana miƙuwa kaɗan in ka ja, sai ya rungume ƙafar zoben da kansa. Ko hannunka ya ɗan saki, naɗin ba ya warwarewa nan da nan. In ka tura zagayen da farce su haɗu, suna kwanciya lumui. Sannan in efoksi ya sauka a kansa, yana shanye shi har ƙasa, zare da ƙafa da sanda su zama abu ɗaya.

Sai dai wannan shan da yake yi shi ne ke canza masa kama. Ka ɗiga mai a kan farar takarda ka ga yadda take komawa garai-garai, to haka nailan yake yi. Yana yin duhu, kuma ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Na taɓa naɗa ruwan ɗorawa mai haske a kan baƙar sanda, ina kallo burushi na wucewa launin na dusashewa, kafin in kai zobe na biyu ya koma kamar ruwan kududdufi. Fari kuwa ɓacewa yake yi gaba ɗaya, sai ka ga ƙafar zoben tsirara kamar ba a naɗa komai ba. Amma ja yakan koma jan zoɓo mai zurfi, shuɗi ya koma kamar rinin baba, kore ya yi duhun ganyen mangwaro. Waɗannan launuka masu duhu ba abin da ya kai su kyau a rana, don haske yana shiga cikinsu ya dawo. Kuma hangen ƙafar yana da amfani: za ka gani da idonka ko efoksi ya cika ramin da ke gefen ƙafar, in tsatsa ta fara kuma za ka gan ta tun tana ƙarama.

Kafin ka yanke shawara kan launi, naɗa santimita ɗaya a gindin sandar, inda mariƙi zai rufe, ka jiƙa shi da sifirit. Kamar da ya yi yana jiƙe, kusan ita ce zai yi a ƙarƙashin efoksi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin nan bai ci minti biyu ba.

To in mutum ya nace sai launin da ya gani a ƙwarƙwaro fa? Hanya biyu ce, kuma ba daidai suke ba.

Ta farko ita ce ya sayi nailan da aka riga aka toshe tun daga masana'anta. Za ka ga an rubuta NCP a jikinsa, Fuji na rubuta NOCP a kan nasa na foliyesta, ProWrap kuma na kiran nasa ColorFast. Wannan zare haske ba ya ratsa shi, don haka fari na zama fari, ruwan ɗorawa na zama ruwan ɗorawa ko a kan baƙar sanda. Abin da za ka rasa shi ne sheƙi. Bayan an gama yakan yi kama da fenti, launi ɗaya shimfiɗe ba zurfi. Ya ɗan fi tsura ƙagewa a hannu, ƙarfinsa kuma ya ɗan gaza nasa in kaurinsu ɗaya. Akwai kuma wani hali nasa da ke kama sabon shiga: duk ƙaramar tazarar da ka bari tsakanin zagaye biyu, baƙin sanda zai leƙo ta nan kamar layin biro a kan farar riga. Nailan mai duhu yana rufa maka asiri, farin NCP ba ya yi. Duk da haka akwai wurin da ba na sa wani sai shi, wato kusa da tsini. Mai zaman tarwada da dare ya san darajar farin naɗi ko ruwan lemo a kan tsinin sanda, ya haska tocila ya ga ko an taɓa.

Ta biyu ita ce a naɗa nailan tsura, sannan a shafa masa ruwan kare launi kafin efoksi. Wani ruwa ne tsararo, yawanci fari-fari kamar madara, yana bushewa garai. Shi yana bar maka launin da sheƙin duka, abin da NCP ba ya iyawa. Amma ka lura da yadda yake aikin: toshe zaren yake yi don kada efoksi ya shiga. Ke nan abin da ya sa nailan ya zama nailan, shi ka hana. Efoksi zai zauna a bisa kamar hula, ramin gefen ƙafa kuma sai ka bi shi da tsinke ka cusa, in ba haka ba ya zama maɓoyar ruwa. Yana bukatar shafi biyu, da jira har ya bushe sarai, ni nakan bar shi ya kwana. In ka tsallake wuri ko da girman ƙwayar gero ne, nan efoksi zai kutsa ya bar maka baƙin tabo wanda ba ya gyaruwa sai an yanke naɗin. A kan adon da ke gaban mariƙi, inda ba a riƙe komai, ina amfani da shi da daɗin rai. A kan ƙafar zoben sandar da za ta ja babban kifi, ba na sa shi.

Foliyesta shi ne ke bin nailan a baya, kuma ya cancanci a saurare shi, balle a ƙasa mai rana irin tamu. John Whinfield da James Dickson ne suka samar da shi a Ingila a 1941. Ya fi nailan jure hasken rana, launinsa ya fi daɗewa bai koɗe ba, ruwa kuma kusan ba ya kama shi: nailan na riƙe damshi wajen kashi 4 cikin 100 na nauyinsa, foliyesta bai kai rabin kashi ɗaya ba. Zaren Fuji Ultra Poly foliyesta ne da aka yi musamman don wannan aiki, santsinsa da daidaiton kaurinsa ba su da laifi. Ga wanda sandarsa ke yini a cikin jirgi a buɗe, daga Maris zuwa Mayu, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Inda ya gaza nailan shi ne miƙuwa. Ba ya ba da kai sosai, don haka in ka saki jan da kake yi ko na ƙiftawar ido, zagaye biyar na baya sai su yi sako-sako. Wutsiyar da ka cusa a ƙarƙashi ma ta fi saurin zamewa, sai ka ƙara yawan zagayen da ke danne ta. Wanda ya riga ya naɗa sanda biyu ko uku ba zai damu ba. Wanda yau ne farkonsa zai fi jin daɗin nailan. Maganar damshi kuma kada a kai ta inda ba ta kai ba: zaren da efoksi ya lulluɓe da kyau ba ya ganin ruwa, ko wane iri ne. Bambancin yana fitowa ne ranar da rigar ta tsage.

A nan ne tambayar da kowa ke yi mini take zuwa: ga zaren surfani cike da Kantin Kwari, launi ya fi ɗari, kuɗinsa kaɗan, me zai hana? Ba zan ce haramun ba ne. Masu haɗa sanda a Turai da Amurka ma suna amfani da Madeira Polyneon mai lamba 40, zaren keken surfani na wani kamfanin Jamus da ke Freiburg, saboda yawan launinsa. Matsalar ita ce zaren keke ana shafa masa man silikon don ya riƙa sulɓewa ta cikin allura, efoksi kuwa da silikon ba sa ga maciji. Kana shafawa zai riƙa gudu daga wasu wurare, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu waɗanda masu sana'ar ke kira idon kifi. Maganinsa shi ne ruwan kare launi shafi biyu ko uku, ka ga ke nan mun koma matsalar da muka baro. Saboda haka zaren surfani na foliyesta wurinsa ado ne.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ake sayarwa da sunan siliki, mai ƙyalli da laushi, alhali reyon ne. Reyon daga ɓawon itace ake yin sa, in ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ashana ɗaya za ta raba maka gardama. Yanki ɗan guntu ka kusanta shi da wuta. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su dunƙule su zama ɗan ƙwallo mai tauri. Auduga da reyon ci suke yi da wuta kamar takarda su bar toka. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin dunƙule mai murƙushewa. Duk wanda ya bar toka, mayar wa tela abinsa. Zaren dukawa mai ƙarfi ne ƙwarai, amma kakin da ke jikinsa ba zai bar efoksi ya kama ba. Ragowar igiyar kamu saƙaƙƙiya ita ma haka, santsi gare ta, ba ta shan komai, ba ta miƙuwa. Na gyaran gaggawa ne a bakin ruwa, ka dawo gida ka kwance.

Siliki na gaske kuwa, wato alharini, shi ne zaren kakannin sana'ar. Masu fere gora su haɗa tsagi shida su yi sandar kamun kifi da ƙudan roba, har gobe shi suke nema. Pearsall's Gossamer na Ingila ya yi suna a wannan fage, akwai kuma silikin Japan mai lamba 100 da mai lamba 50, na farkon ya fi siriri. Farin siliki in ya sha banish, wato man ƙyallin katako, yakan ɓace ƙaƙaf, ka ga ƙafar zobe zaune a kan gora kamar an rufe ta da ruwa. Kyau kam ba a magana. Amma siririn gaske ne, zagayen da za ka yi sun ninka, kaushin yatsa kaɗan zai tayar masa da gashi, kuma ya fi nailan da foliyesta shan damshi, wajen kashi 11 cikin 100. In sandar gora ta gado ce ta faɗo hannunka kana so ka mayar da ita yadda take, nemi siliki. In sandar kabon ce ta jifan karfasa, ba abin da zai ƙara maka sai wahala.

Zaren ƙyalli, mai ruwan zinari ko azurfa, ba zan daɗe a kansa ba. Siririn ƙyalle ne aka murɗa a kan zaren ciki, in ka matsa masa ja sai ya kware. Zagaye uku zuwa biyar a bakin naɗi suna fito da aiki, nan ne iyakarsa.

Yanzu sai kauri, wanda a ganina ya fi irin zaren jawo gardama. Ana auna shi da haruffa: A siriri, sai B da C, sai D mai kauri, akwai E da abin da ya fi shi don sandunan teku. A aikace A da D ne kasuwa ta fi sani. Mutane da yawa suna tsallewa zuwa D don suna jin ƙarfi a can yake. Gaskiya ne D ya fi ƙarfi, silinsa ɗaya yakan ɗauki wajen kilo uku kafin ya tsinke, na A kuwa kilo ɗaya da 'yar ɗoriya. Amma zobe ba sili ɗaya ke riƙe shi ba. A cikin santimita ɗaya, A yana ba ka zagaye sama da 50, D bai kai 40 ba. Lissafa zagaye 50 kowanne yana ɗaukar kilo ɗaya, sannan ka tuna cewa a kan matsakaiciyar sanda birkin injin igiya ba ya wuce kilo biyu ko uku, kuma wannan nauyin zobba takwas ko tara ne ke rabawa. Igiya za ta tsinke, ko sandar ta karye, tun kafin naɗin A mai kyau ya saki.

Abin da D ke jawowa shi ne nauyi. Zaren ya fi kauri, ramukan da ke tsakanin zagayensa sun fi zurfi, efoksin da zai cike su ya fi yawa. A gindin sanda ba za ka ji ba. A rabin sama, inda take siririya, kowane ɗigo yana rage mata kuzari: ka kaɗa ta sai ta ci gaba da rawa maimakon ta tsaya cak, cizon ƙaramin kifi kuma ya dusashe kafin ya iso hannunka. Sannan D yana wahalar hawa kan ƙafar ƙaramin zobe, yakan yi tuntuɓe a bakin ya bar giɓi. Alherinsa biyu ne: ido yana ganinsa da sauƙi, aiki yana sauri, kuma yana jure guga. Sandar da za a jefa a cikin kwalekwale tare da anka da kwandon kifi, ko wadda za a kai Kainji neman giwan ruwa da igiya mai ɗaukar kilo 20 ko fiye, wannan D take so.

Irin waɗannan manyan sanduna akan yi musu shimfiɗa. Ana fara naɗa A a kan tsurar sanda tsawon inda zoben zai zauna, a shafa masa efoksi siriri ya bushe, a ɗora zoben mai ƙafa biyu, sannan a naɗe ƙafafun da D. Shimfiɗar tana hana ƙarfe cin jikin sanda lokacin da ta lanƙwasa har wuya. Dalilin sa siriri a ƙasa da mai kauri a sama shi ne, in kaurinsu ɗaya, na sama yana faɗawa cikin ramukan na ƙasa ya buɗe su. A kan ƙaramar sanda shimfiɗa nauyin banza ce, kada ka yi.

Yawan da za ka saya ma yana bin kaurin. Ƙaramin ƙwarƙwaro yadi 100 ne. Na A zai naɗa maka sanda mai tsawon ƙafa bakwai da zobba masu ƙafa ɗaya har biyu ko uku. Na D a kan babbar sanda mai zobba masu ƙafa biyu, da ƙyar zai kai ka ƙarshen guda ɗaya, don haka sayi biyu a lokaci ɗaya, saboda rinin wannan zubi da na wancan sukan ɗan saɓa.

Zan faɗi wani abu da na yi imani da shi ƙwarai: rabin laifin da ake ɗora wa zare, na ƙafar zobe ne. Zobe yakan zo da bakin ƙafarsa a dakushe. Ɗauki ƙaramin magagari ka goge shi ya yi gangare kamar bakin farce, ka shafa a bayan hannunka ka tabbata ba kaifi, ka duba ƙasansa ba ƙaya da za ta karci sanda. Ƙafar da aka gyara haka, A zai hau ta kamar ba a sa komai a gabansa ba. Jan zaren kuma kada ya wuce kima. Ma'aunina shi ne, bayan na gama, in iya tura zoben da babban yatsa ya ɗan gusa don in daidaita shi da 'yan'uwansa. In bai motsa ba sam, an shaƙe sandar, kuma kabon siriri yana iya karyewa a daidai nan wata rana. In yana yawo da kansa, an yi sako-sako.

Kayan aikin ba sai an yi odarsu ba. Kwalin taliya da aka yanka masa baki biyu kamar harafin V ya isa gadon sanda. Ƙwarƙwaro a cikin kofi, zaren ya ratsa ta tsakiyar littafi mai kauri, in kana son ƙarin ja ka ɗora wani littafin a kai. Ka fara naɗi a kan sanda kaɗan kafin bakin ƙafa, ka danne wutsiyar da zagaye biyar ko shida ka yanke ta, ka hau. Saura zagaye bakwai ko takwas ka gama, sai ka kwantar da wani guntun zare da ka ninka biyu, ka naɗe a kansa, ka yanke zarenka, ka zura bakinsa a cikin madaukin, ka fizgo ta ƙarƙashi. Sabuwar reza a kwance, yanka ɗaya. Ga zobe mai ƙafa ɗaya, wanda ya fi saurin zarewa in ya maƙale a ciyawa ko a jaka, akwai ɗaurin da ake kira da sunan Rich Forhan, inda zaren ke zagaya wuyan zoben kansa sau biyu ko uku kafin a rufe. Da A yake yin kyau, D yakan yi masa ƙulu.

Duk zaren da ka zaɓa, abin da za ka shafa masa yana iya gyara shi ko ya kashe shi. Efoksin naɗi, irin Flex Coat na Teksas ko ProKote ko ThreadMaster, an yi shi ne ya bushe a hankali, ya kwanta da kansa, ya riƙa lanƙwasa tare da sanda. Gam mai haɗi biyu na minti biyar da ake samu a shagon kayan mota na manna ƙarfe ne, yana kamawa kafin zare ya sha, ya yi ja a rana, ya yi gautsi. In efoksin naɗi bai samu ba, banish mai kyau na katakon waje, shafi siriri huɗu ko biyar, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma nailan A yana karɓarsa da kyau. D ne ba ya ƙoshi da banish, sai ka yi ta shafawa.

Ana auna efoksi daidai wa daida, aƙalla cc 3 na kowane ɓangare, don in ya yi kaɗan kuskuren ɗigo ɗaya zai hana shi bushewa. Kada ka auna da sirinjin kemis, baƙar robar cikinsa tana da man silikon, idon kifin nan zai biyo ka ta nan ko da zarenka tsarkakakke ne. Ka juya a hankali minti uku, ka zuba a kan takardar alminiyam ya baje, kumfa ta fita. Yanayinmu kuma sai an yi masa dabara. A bazara, ɗaki ya ɗau zafi, efoksi yana yin kauri tun ba ka kai rabin sanda ba, don haka da asuba nake yi, in haɗa sau biyu. A hunturu sanyi na sa shi jinkiri, ƙura kuma ta samu lokacin sauka, sai in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in rufe taga, in kifa dogon kwali a kan sandar. Dole ta riƙa juyawa har ya kama. Ƙaramar motar lantarki da ke juya faifan tsohuwar na'urar ɗumama abinci tana zagaye biyar ko shida a minti ɗaya, mai gyaran lantarki zai haɗa maka ita. In wuta ta ɗauke, ka juya da hannu, rabin zagaye duk bayan minti biyu da farko, daga baya duk minti goma, har awa uku. A nan ma A ya fi sauƙi, don shafinsa siriri ne, ba ya taruwa ya yi tumbi a ƙasa.

In ka ce in zaɓa maka, zan tambaye ka kifin da kake nema da sandar da ke hannunka. In sandarka ta farko ce, ta karfasa da tarwada da tsage matsakaita, nailan tsura mai lamba A, baƙi ko ja mai duhu ko shuɗi, ba ruwan kare launi. Hannunka ya faɗa, sandar kuma za ta sha rana, koma foliyesta na naɗi, shi ma A. Kana son fari ko ruwan ɗorawa ya fito a kan baƙar sanda, NCP, ka kuma matse zagayen sosai. Ta giwan ruwa ce, A a ƙasa D a sama, dukansu tsura don efoksi ya ratsa su.

Sandar ƙanen nawa kuwa, da muka dawo gida ban tsaya kan zobe ɗaya ba, don sauran ma hannu ɗaya ne ya naɗa su. Na ɗora reza a kan ƙarfen kowace ƙafa, ba a kan jikin sanda ba, na tsaga tsohon naɗin na ɓare shi da farce. Biyu daga cikin zobban tsatsa ta riga ta cinye ƙafafunsu, na canza su. Na naɗe duka da baƙin nailan A, na sa farin NCP tsawon yatsa a ƙasan tsini don zaman dare, efoksi shafi biyu sirara, kwana ɗaya tsakaninsu. Da ya zo karɓa ya kai hannu zai taɓa, na riƙe hannun na ce ya bari sai jibi, in yana son ya san ko ya bushe ya taɓa ragowar da ke kan takardar alminiyam.